Kurakuran da sababbin masu binciken laifi ke yi da hujjojin kimiyya

Bakina ya gaji da nanata wa sababbin shiga magana ɗaya, gara in rubuta.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai shi ne cusa riga mai ɗanyen jini cikin leda a ɗaure. Leda ba ta shan iska. Kafin 'yan kwanaki fumfuna da ƙwayoyin cuta sun lalata DNA ɗin, wato ƙwayoyin halittar da ake gane mutum da su, ɗakin gwaji ya dawo maka da takarda fayau. Haka wata shari'a da na sha wahala a kanta ta suɓuce, ina ji ina gani, saboda wanda ya kwashi kayan yana sauri. Saurin me? Bar rigar ta bushe a inuwa, ka sa a jakar takarda, kowane abu da jakarsa. Ni safar hannu ma sai na canza kafin in taɓa abu na gaba. A ce ɓarna ce, na ji. Wanda ke ganin na cika tsanani ya tuna Jamus: 'yan sanda sun shafe shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, sai a 2009 aka gano ashe ma'aikaciya ce a masana'antar audugar da suke ɗibar samfur da ita.

Na biyu, sa wa sakamako magana a baki. Gwaji ya ce samfur ya dace da na wane, kai kuma ka miƙe gaban alƙali ka ce shi ya aikata. Wa ya faɗa maka? DNA ba ya faɗin yaushe ko ta yaya ya isa wurin. Ƙwararru ma suna zamewa: bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, babban birnin Sifaniya, a 2004, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta dage cewa zanen yatsan da aka samu na lauya Brandon Mayfield ne, aka tsare shi, sannan 'yan sandan Sifaniya suka gano na wani ɗan Aljeriya ne. Shi ya sa ba na gaya wa mai gwaji wanda nake zargi, kada ido ya ga abin da zuciya ke so.

Ɗauki hoto kafin ka motsa komai. Duk hannun da hujja ta bi, a rubuta suna da lokaci, don giɓi ɗaya ya ishi lauya. Wayar wanda ake zargi kuwa, katse mata sadarwa ka miƙa wa masana, ka daina latse-latse.