Yadda nake tattara bayanan log idan Microsoft Defender ya fara rigima

Yaran da ke koyon aiki a wajena sun san dokata ta farko: ba a gyara kwamfutar da antibairos ke wa rigima sai an kwashe bayanan log ɗinta, wato rubutaccen tarihin abubuwan da suka faru a cikinta. Kar a cire manhaja, kar a goge Windows, kar ma a kashe ta a kunna muddin matsalar na faruwa a idonka. Wanda ya yi gaggawar gyara tamkar ya share sawun ɓarawo ne kafin mai bin sawu ya iso. Kwamfutar na iya warkewa, amma ranar da abin ya dawo, ko ya bayyana a sauran kwamfutocin ofis, ba ka da abin nuna wa kowa.

Da Microsoft Defender zan yi bayani, don shi ne antibairos ɗin da ke zuwa cikin Windows 10 da 11, kuma shi na fi cin karo da shi a ƙananan ofisoshin da nake kula da su.

Fara da biro da takarda. Tambayi mai kwamfutar ƙarfe nawa abin ya faru, kuma me yake yi a lokacin. "Tun da safe take nauyi" ba amsa ba ce. Amsa ita ce: "Wajen goma da kwata na buɗe fayil ɗin albashi a Excel, sai ta tsaya cak." Daga nan ka dubi agogon kwamfutar ka gwada da na wayarka. Kwamfutocin gwanjo da muke saye da yawansu ƙaramin batirin da ke riƙe agogo ya mutu, wuta na ɗaukewa sai kwanan wata ya koma wata shekara can baya. Idan haka ne, rubuta bambancin kafin ka saita. Agogon da ya kauce kaɗai ya isa ya hana sabuntawa sauka.

Sai ka tabbatar Defender ɗin ne ke aiki. Buɗe PowerShell, manhajar rubuta umarni ta Windows, da ikon admin, wato ka danna shi da hannun dama na mawus ka zaɓi Run as administrator, ka rubuta:

Get-MpComputerStatus

Layuka da yawa za su fito, uku nake dubawa. AMRunningMode ya kamata ya nuna Normal. RealTimeProtectionEnabled ya nuna True. AntivirusSignatureLastUpdated kuma shi ke gaya maka ranar ƙarshe da ya karɓi sabbin bayanan gane bairos. Idan na farkon bai nuna Normal ba, galibi akwai wani antibairos a kwamfutar, Defender ya ja gefe ya bar masa fili. To nan ka sauya hanya, log ɗin wancan za ka nema. ESET na da ESET Log Collector, Sophos na da Sophos Diagnostic Utility, sauran ma kusan kowanne da nasa.

Idan Defender ne, babban kamu yana cikin umarni guda. Buɗe Command Prompt da ikon admin, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

cd "C:\Program Files\Windows Defender"
MpCmdRun.exe -GetFiles

Ka ba shi 'yan mintoci, kar ka rufe don ka ga kamar ya tsaya. Idan ya gama, zai ajiye fayil mai suna MpSupportFiles.cab a cikin C:\ProgramData\Microsoft\Windows Defender\Support. Foldar ProgramData a ɓoye take, shi ya sa sabbin yara ke dawowa su ce babu ita. Rubuta adireshin kai tsaye a saman File Explorer, za ta buɗe. Ka kwafe fayil ɗin nan take zuwa wani wuri, ka sa masa sunan kwamfutar da kwanan wata, domin in ka sake yin umarnin sabon zai hau kan tsohon.

Wannan fayil na masu tallafin Microsoft ne ko babban injiniyanku. Amma ni ba na tura abin da ban leƙa ba. Buɗe Event Viewer, manhajar Windows da ke nuna log, ka bi Applications and Services Logs, sai Microsoft, sai Windows, sai Windows Defender, sai Operational. Kowane abin da ya faru yana da lambarsa, kuma kaɗan ne ka ke buƙatar haddacewa. Lamba 1116 na nufin ya gano wani mugun abu, 1117 kuma ya ɗauki mataki a kansa. Idan ka ga 1116 amma abin da ya biyo baya 1118 ne ko 1119, to ya yi yunƙuri ya kasa, abin na iya kasancewa yana nan. 2001 sabuntawa ce ta gaza. 5001 an kashe kariyar nan-take, wato binciken da Defender ke yi wa fayiloli a daidai lokacin da ake taɓa su, 5007 kuma an sauya wani saiti.

Waɗannan biyun na ƙarshe na fi zura wa ido. Sau da yawa za a kawo kwamfuta a ce Defender ya lalace, in na duba sai in tarar da 5001 a daidai daren da aka saka wata manhajar sata. Masu raba irin waɗannan manhajoji su ne ke cewa "kashe antibairos kafin ka saka", mutane kuma su bi. Ba na faɗa da kowa a kan haka, nakan juya fuskar kwamfutar ne kawai in nuna masa lokacin. Don kwashe wannan log gaba ɗaya, rubuta:

wevtutil epl "Microsoft-Windows-Windows Defender/Operational" C:\defender.evtx

Ka yi shi da wuri, saboda log ɗin na da iyakar girma, in ya cika sababbin bayanai na ture tsofaffi.

Akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Event Viewer na nuna lokaci da agogon garinku, amma fayilolin MPLog, wato log ɗin Defender da ke cikin foldar Support, da agogon duniya na UTC suke rubutu, za ka ga harafin Z a ƙarshen kowane lokaci. Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya. Abin da ya faru ƙarfe 10:15 a Kano ko Maraɗi, a 09:15 za ka same shi a MPLog.

Yanzu koken da aka fi kawowa: nauyi. Ka buɗe Task Manager ka ga Antimalware Service Executable, wato MsMpEng.exe, ya cinye ƙarfin kwamfutar, fanka na ta kuka. A nan tsohon log ba ya wadatarwa, sai ka kama abin yana cikin faruwa. A PowerShell na admin:

New-MpPerformanceRecording -RecordTo C:\nauyi.etl

Yana fara ɗauka, sai ka sa mai kwamfutar ya maimaita ainihin aikin da ke sa ta nauyi, da hannunsa, ba da naka ba, domin shi ya san abin da yake dannawa. Da nauyin ya bayyana ya ɗan jima, danna Enter ka tsayar. Sannan:

Get-MpPerformanceReport -Path C:\nauyi.etl -TopFiles 10 -TopProcesses 10

Zai jera fayiloli da manhajojin da suka fi cin lokacin bincike. Galibi za ka ga manhaja guda, irin ta lissafin kuɗi ko ta ajiyar kwafi, tana taɓa dubban ƙananan fayiloli, Defender kuma na bin kowanne yana dubawa. Jarabar da ke biyo baya ita ce a ware foldar gaba ɗaya daga bincike. In dole ne, a ware mafi ƙanƙantar abin da rahoton ya nuna. Wanda ya ware C: baki ɗaya ko foldar Downloads, ya kashe antibairos ɗin ne kawai da wani suna.

Idan kuma shuɗin allo take yi tana mutuwa, haɗa da abin da ke cikin C:\Windows\Minidump. Manhajojin tsaro suna aiki ne a can cikin zuciyar Windows, don haka kuskurensu na iya kayar da kwamfutar ɗungurungum. Haka aka gani ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wata sabuntawar manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Ofishin da ke biyan kuɗin Defender for Endpoint, wato Defender na kamfanoni, kuma yana da manhajar tattara log mai suna MDE Client Analyzer, wadda ke duba har da ko kwamfutar na isa ga sabar Microsoft.

Wajen turawa a yi hattara. Cikin fayilolin nan akwai sunan kwamfuta, sunayen masu amfani da ita, da sunayen fayilolinsu, wani lokaci har da sunan kwastoma a jikin takarda. Ba abin jefawa a guruf ɗin WhatsApp na masu gyara ba ne. Nemi izinin mai ofis, ka tura ta hanyar da kamfanin tallafin ya ba ka. A jikin saƙon ka rubuta sunan kwamfutar, lokacin da matsalar ta faru da agogon da ka bi, abin da mutumin ke yi, abin da aka saka ko aka sauya a kwanakin, da kuma ko ita kaɗai ce ko har da wasu a ofis ɗin.