Yadda ake gwada sabon tsarin waya tun bai gama nuna ba

Duk shekara Apple kan nuna sabon iOS, tsarin wayar iPhone, a watan Yuni, ya saki na gwaji ga jama'a a Yuli, wato beta, cikakken kuma sai Satumba. Google ma yana sakin na Android. In wayarka ɗaya ce, kuma da ita kake karɓar kuɗin ciniki, ni dai na ce ka haƙura. In zumuɗi ya ƙi barinka, to ga hanya.

Fara duba ko wayarka na ciki. Na Google na wayoyin Pixel ne. Samsung kan buɗe nasa ta manhajar Samsung Members, amma a ƙasashe ƙalilan irin su Koriya ta Kudu, Amurka da Indiya. Wanda ya ce maka a shagunan waya na PZ a Zariya zai ɗora maka sabon Android daga wani fayil da ya tsinto a intanet, karɓi wayarka ka yi gaba.

Sai ka kwafe komai: hotuna, lambobi, hirarrakin WhatsApp. A nan ake yin kuka. Mai iPhone ya yi ajiyarsa a kwamfuta kafin ya hau, domin wadda aka yi a kan beta ba ta komawa tsohon iOS. Mai Pixel kuwa, in ya fice kafin cikakken ya fito, wayar kan goge tas.

Ɗorawar ba wuya. Mai iPhone ya yi rajista a beta.apple.com, ya shiga Settings, General, Software Update, ya kunna Beta Updates. Mai Pixel ya shiga google.com/android/beta ya zaɓi wayarsa. Fayil ɗin kan kai gigabait da dama, don haka nemi Wi-Fi, caji ya haura kashi 50, kada ka dogara da wutar da aka kawo yanzu-yanzu.

Tana gama kunnuwa, kafin ka tsaya kallon sabon ado, gwada kira, kyamara da manhajar banki. Ni ban yi haka ba. Sai da na shanye shayi da ƙwai a Samaru manhajar ta ƙi buɗewa, mai shayi ya zuba mini ido, sai lambar USSD ce ta fitar da ni kunya.

Kwana biyun farko batir zai riƙa zuba, wayar ta yi ɗumi. Abin da ya wuce haka, rubuta musu ta manhajar kai ƙorafi da ke zuwa tare da beta ɗin, ka haɗa da hoton allon.