Yadda za ka tsare shagonka da gidanka daga kayan wiwi a Legas

Ɗan'uwa, in kana da shago a Mile 12, ko teburin shayi a Agege, ko kai ne ke karɓar kuɗin haya a Idi-Araba, fara sanin wannan: a Najeriya babu lasisin da ke halatta wa ɗan kasuwa sayar da tabar wiwi. Gaskiya ne Kanada ta halatta ta a 2018, amma can ne. A nan dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi wadda aka kafa a 1989, ta tanadi hukuncin da ya kai ɗaurin rai-da-rai ga mai fataucinta. Ta kuma ce wanda ya ba da wurinsa aka ɓoye kaya ko aka sayar a ciki zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 25. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don ni mai kula da gidan haya ne, kuma da yawa cikin mutanenmu ba su taɓa jin sa ba.

Ƙofar da ta fi kai mu ga halaka ita ce ajiya. Yaro zai zo da jakar Ghana-must-go ya ce, "Baba, a ajiye mini, zan dawo bayan la'asar." Kunya ta hana ka tambaya, ka tura ta ƙarƙashin benci. In aka zo samame, a hannunka aka samu. Don haka ka mayar da shi ƙa'ida ga kowa, har ɗan ƙanenka: "Zuge in gani." Ka sa hannu har ƙasa. Wiwi ɗin da ake kawowa daga dazukan Ondo da Edo sau da yawa a danne take kamar bulo, an naɗe ta da leda da salatif, an lulluɓe da tsummoki a sama, kuma warinta ba ya ɓuya. Wanda ya ji haushi don ka ce ya buɗe, ba shi jakarsa ya ƙara gaba. Direban da ake ba saƙo a tasha da mai tura baro su ma haka.

Sai haya. Kada ka ba da ɗaki da baki kawai. A rubuta yarjejeniya, a sa lambar katin ɗan ƙasa, a kawo wanda zai tsaya masa, a rubuta ƙarara cewa ba a yarda da sayar da kayan maye ba. Ɗakin da mutum goma ke kwana, ka san sunan kowa. In ka ga baƙin fuskoki suna shiga suna fita cikin minti biyu, dare da rana, ba zumunci ba ne.

Kada ka tunkari ɗan hayan da kake zargi kai kaɗai, masu wannan harka suna da mutane a bayansu. Ka sanar da mai gidan da Sarkin Hausawan unguwa, sannan a kai rahoto ofishin NDLEA a rubuce, ka riƙe kwafi. Takardar nan ita ce shaidarka gobe.

In kuwa samame ya riske ka, kada ka gudu, kada ka yi kokawa. Ka nemi ganin katin shaidarsu cikin ladabi, ka tsaya ana bincike a gabanka. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Ka nemi tafinta da lauya, haƙƙinka ne. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa. Shari'ar ƙwaya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, tamu tana Ikoyi, kuma marar hali yana iya neman lauya kyauta a hukumar Legal Aid. Duk wanda ya zo ya ce a haɗa kuɗi zai kashe maganar, ku guje shi.

Yaron da ke sha kawai, ba ya sayarwa, shi magani yake buƙata, musamman wanda ya faɗa wa Colos, wata haɗaɗɗiyar wiwi mai ƙarfi da ake sa wa sinadarai. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba masu shaye-shaye, kuma NDLEA tana da layin neman taimako kyauta, 0800 1020 3040. Ka kira iyayensa a gida ka gaya musu gaskiya, sannan ka raka shi da ƙafarka.