Idan Injin Peugeot 504 Ya Yi Zafi a Hanya

1. Da zarar allurar zafi ta doshi ja, sauka gefen titi ka kashe injin. Kada ka ce bari in ƙarasa gari na gaba. Kan injin 504 na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi, gaskit ya ƙone.

2. Buɗe bonet, ka jira aƙalla minti 30. Kada ka taɓa murfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa zai watso maka a fuska.

3. Danna fanbel da yatsa. Idan ya lotsa fiye da santimita 1, sassauta kusoshin altaneta, ja ta baya, ka ɗaure. Idan ya tsinke, famfon ruwa ya daina juyawa ke nan. Shi ya sa ba a doguwar tafiya da tsohuwar mota ba tare da wani fanbel a but ba.

4. Duba tiyo da gindin lagireto ko suna yoyo.

5. Sa tsumma ka murɗa murfin a hankali, ka tada injin, sannan ka zuba ruwa kaɗan-kaɗan.

6. Zaro sandar gwada baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kada ka sake tuƙa ta, kira bakanike.