Idan ƙari ya kama ƙashin bayan wani naka a Amurka

Wata uku maigidana ya yi yana fama da ciwon baya kafin a ce a ɗauki hoto. Sau uku muna zuwa asibiti, sau uku ana cewa jijiya ce ta riƙe, a ba shi ƙwaya a sallame mu. Ciwon kuwa da dare yake tashi, idan ya kwanta sai ya tsananta, har ya koma kwana a zaune. Ranar da hankalina ya tashi, silifas ɗinsa ne ya suɓuce a matakala, ya ci gaba da hawa bai ji ba. Ashe ƙari ne a ƙashin baya yake danne laka, wato babbar jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin bayan.

Ban ce kowane likita yana da mugun nufi ba, waɗanda suka yi masa aiki daga baya har gobe ina yi musu addu'a. Amma a Amurka baƙar fata da farar fata ba sa samun kulawa iri ɗaya. Tun 2002 cibiyar Institute of Medicine ta fitar da rahoton da ya nuna haka, ko da inshora da samu sun zo ɗaya. A 2016 kuma binciken Jami'ar Bajiniya ya gano kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla camfi ɗaya, irin su wai fatar baƙi ta fi kauri. Masu wannan camfin suna raina zafin ciwon baƙar fata. A ciwon laka, raini ɗaya yana iya cin ƙafa.

To ka fara da sanin alamun da ba a kwana da su: ciwon baya mai tsananta da dare, nauyin ƙafa ko sagewa, jin kamar an ɗaura bel a ƙirji ko ciki, fitsari ya riƙe ko ya zubo ba a sani ba. Idan mara lafiya ya taɓa yin sankara, faɗi haka tun a bakin ƙofa. Yawancin ƙarin ƙashin baya daga wani wuri yake yaɗuwa, musamman mama, huhu da furosteti, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Akwai kuma sankarar ɓargo, mayeloma, wadda take kama baƙar fata ninki biyu na farare.

Da ka ga rauni a ƙafa, ka nufi sashen gaggawa a ranar. Dokar EMTALA ta 1986 ta wajabta musu duba mutum ko yana da inshora ko babu. Kada ka tsaya a "bayansa na ciwo". Ka ce: ƙafarsa ta yi rauni tun ranar kaza, ina tsoron ana danne laka, ina so a yi MRI na ƙashin baya gaba ɗaya. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna laka, hoton MRI shi ne yake nuna ta. Idan aka ƙi, cikin ladabi ka roƙi a rubuta a fayil cewa ka nema, da dalilin ƙin. Sau ɗaya na faɗi wannan, murya na rawa, kafin azahar an tura shi ɗakin hoto.

A nan kawaicinmu yake cutar da mu. Maigidana idan aka tambaye shi zafin ciwo daga ɗaya zuwa goma, sai ya ce huɗu, alhali da dare filo yake cizo. Sai da na zama bakinsa. Na sayi ɗan littafi ina rubuta komai: lokacin da ciwon ya tashi, sunan wanda ya shigo, abin da ya ce. Wanda Turanci bai zauna masa ba ya nemi tafinta, kyauta ne a asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ƙarƙashin dokar 'yancin jama'a ta 1964.

Da an ga ƙarin, tambayar da ta fi kowace ita ce: likitan tiyatar laka ya ga hoton nan? Binciken Dakta Roy Patchell na 2005 ya nuna cikin waɗanda aka yi wa tiyata sannan aka haska musu radiyeshin, wato hasken da ke kashe ƙari, kashi 84 cikin ɗari sun iya tafiya, waɗanda aka haska kawai kashi 57. Ba kowa tiyata ta dace da shi ba, amma a gaya maka dalili. Ka tambayi sau nawa suke irin wannan aiki a shekara. Idan jefi-jefi ne, nemi a mayar da ku babbar cibiyar sankara, irin waɗanda NCI, hukumar sankara ta ƙasa, ta amince da su. Neman ra'ayin likita na biyu ba rashin kunya ba ne, kuma kwafin fayil da hotuna haƙƙinka ne.

Batun kuɗi, nemi jami'in jin daɗin marasa lafiya ya duba ko kun cancanci Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ka kuma karɓi fom ɗin neman sassaucin kuɗin asibiti. Tambayi ko suna da mai yi wa mara lafiya jagora, tsarin da Dakta Harold Freeman ya fara a unguwar Harlem ta birnin New York a 1990 ganin yadda matalautan mata baƙar fata ke zuwa a makare.

Kafin sallama, kada ku fita sai an rubuta inda za a yi gashin ƙashi, da ranar fara radiyeshin, da lambar da za a kira idan ƙafar ta sake yin nauyi. Mu sai da na kira sau huɗu kafin aka ba mu gurbin gashi. Yanzu yana takawa da sanda, ƙafar hagun tana ɗan ja, kuma ni nake ɗaure masa igiyar takalmi kowace safiya.