Yadda ake shirya wa intabiyun neman aiki ta hanyar waiwayar aikin da ka taɓa yi

Na daɗe ina zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na wata makaranta mai zaman kanta a nan Zariya, kuma har gobe yaran unguwa na kawo mini takardunsu idan an kira su intabiyu. Ta fuskar takardu ba su da laifi: wannan ya gama jami'ar ABU, wancan kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli, waccan kwalejin ilimi ta FCE. Amma da zarar an ce, "Malam, faɗa mana abin da ka taɓa yi," sai mutum ya shiga karanto amsar da ya haddace daga waya, irin wadda na gabansa ya karanto ya fita. Batun wanki da guga da zuwa a kan lokaci ba zan ɓata baki a kansa ba, kowa ya sani. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne ba su taɓa zama sun tuna aikin da hannunsu ya yi ba.

Ka fara da sayen littafin rubutu da biro, aƙalla kwana 7 kafin ranar. Ban yarda a yi wannan a waya ba, saƙo ɗaya zai shigo tunani ya watse. Bayan sallar Asuba ya fi, kafin gida ya tashi. In kana Samaru kuma kana da damar shiga Laburaren Kashim Ibrahim na ABU, to madalla. Ka jero duk aikin da ka taɓa yi tun daga sakandare, kowanne da shafinsa. Duk na ce: bautar ƙasa, watannin SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai), koyarwar gwaji idan NCE ka yi, N-Power, tsaron shagon Baba a kasuwar Sabon Gari, POS a Kwangila, ajin Islamiyya, riƙon kuɗin ƙungiya. Wata ƴar maƙwabta ta ce da ni, "Kawu, ni fa ban taɓa aiki ba." Da muka zauna sai ga shi shekara uku ita ke riƙe da littafin bashi na shagon ɗinkin mahaifiyarta, ita ke sayo yadi da zare, ita ke lallashin mai kaya idan Sallah ta ƙarato ɗinki bai fito ba. Aikin karɓar baƙi take nema a wani asibiti, kuma shafin nan ya fi sakamakon digirinta amfani a ranar.

Mataki na biyu, a ƙarƙashin kowane aiki ka amsa tambaya huɗu a rubuce: me na tarar, me na yi da kaina, me ya canza, me ya lalace a hannuna. Ka sa lamba duk inda ka tuna, yara nawa a aji, wata nawa, kuɗi nawa ke wucewa a rana. In ba ka tuna ba, kada ka ƙirƙira, domin tambaya ɗaya ta biyo baya asirinka ya tonu.

Tambaya ta biyun nan ita ce gagarabadau, kuma a kanta na faɗi. An raine mu da cewa yabon kai jahilci, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba na so mu yar da ita. Sai dai ta sa ba ma iya cewa "na yi". Da na gama bautar ƙasa an kira ni wani kamfani a Kaduna. Wata dattijuwa a kwamitin ta tambaye ni abin da na yi a makarantar da aka tura ni. Na ce, "Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe, mun yi ƙoƙari." Ta ce, "Ku wa? Kai nake tambaya." Na yi shiru, na sake cewa mun koyar da yara. Alhali ni kaɗai na zauna wata biyu na tattara makin jarrabawa da ke warwatse a takardu na mayar da su rajista ɗaya, har rigimar iyaye a kan sakamako ta lafa. Ban faɗa ba, saboda ban taɓa ɗaukarsa abin faɗa ba. Aikin ya wuce ni, kuma har yau in na tuna shirun nan yana yi mini ciwo.

Ga yadda za ka warware. Yabon kai shi ne ka ce kai haziƙi ne, mai gaskiya, mai ƙwazo. Duk irin waɗannan kalmomi ka ja musu layi a littafinka, kwamiti ya gaji da jin su. Abin da ake so shaida ce, kamar wadda ake bayarwa a gaban alƙali: "Na tarar yaran aji uku ba sa iya haɗa baƙi. Na raba su gida huɗu, na ƙara musu rabin awa bayan tashi. Kafin ƙarshen zango mafi yawansu na karanta jimla." A nan ba ka yabi kanka ba, abin da ya faru ka faɗa, kunyarka kuma tana nan. In aikin taro ne, ka faɗi na taro a jimla ɗaya, sannan ka ware naka. Ka yi ta maimaitawa da ƙarfi har "na yi" ta daina yi maka nauyi a baki. Ƴan'uwa mata, wannan ya fi shafarku, don na sha ganin wadda ta fi kowa aiki ta sunkuyar da kai ta bar wani ya tafi da ladan.

Shafin abin da ya lalace kuma kada ka tsallake shi. Za a tambaye ka kuskurenka, kuma wanda ya ce ba shi da shi ya riga ya faɗi. Ka zaɓi na gaske guda ɗaya, ka faɗi yadda ka gyara. Haka dalilin barin tsohon wuri: ko albashin wata uku kake bi, ka faɗi gaskiya a taƙaice ba tare da zagin maigida ba. Zariya ba ta da girma, wataƙila wanda ke gabanka masallacinsu ɗaya da shi.

Daga nan ka je ka gaida tsohon shugabanka, ka tambaye shi abin da yake tunawa na aikinka. Zai tuna maka abin da ka manta, ka kuma nemi izinin sa sunansa cikin masu tsaya maka.

Sai ka ɗauko tallar aikin, ka zaɓi labari uku da suka dace da ita, kowanne kada ya wuce minti biyu. Ka faɗe su da Hausa tukuna, sannan ka juya su Turanci. Wanda ya fara da Turanci haddar banza yake komawa. Ka sami babba wanda ba zai ji nauyinka ba ya yi maka tambayoyi. In ka biya an buga maka sibi, wato takardar tarihin karatunka da aikinka, a shagon kwamfuta, ka karanta kowane layi, don sukan liƙa maka ƙwarewar wani. Ni dai gara ka rubuta da kanka, kuɗin bugawa kawai ka biya.

Daren ranar ka haɗa satifiket na asali da fotokofi a fayil ɗaya. In Kaduna ce, kusan kilomita 80 ce, ka kasance a tashar motar Kwangila da sassafe. Littafin ya shiga jaka, a mota shafukan labaran nan uku kawai za ka duba.