Darasi na 9: Baƙon da ya kunna wa tsibirin Kurasawo fitila

Mu karanta

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Kurasawo ƙaramin tsibiri ne kusa da gaɓar Benezuwela, a ƙarƙashin masarautar Holan. Ƙasa ce busasshiya, ruwan sama kaɗan ne, babu kogi ko ɗaya. Kusan duk abin buƙata sai jirgin ruwa ya kawo.

Wani Ba'amurke mai suna Leonard B. Smith, mutumin jihar Maine, ya zo da jirginsa, ya zauna a Willemstad, babban birnin tsibirin. Har ya zama jakadan kasuwancin Amurka a can. Garinsu sanyi ne, nan kuwa zafi. Sai ya riƙa ɗauko ƙanƙara daga Maine, a lulluɓe ta da garin katako don kada ta narke a hanya, ya sayar.

Mashigin teku ya raba birnin biyu, Punda da Otrobanda, sai da kwalekwale ake haye shi. A 1888 Smith ya kafa gada a kan jiragen ruwa masu iyo. In babban jirgi ya taho, a janye gadar gefe, ya wuce, a mayar. Mai takalmi ya biya santi 2 (santi ƙaramin kuɗi ne, kamar kwabo), mara takalmi ya haye kyauta. Ana ba da labarin cewa wasu masu hali kan tuɓe takalma su ɓoye, talaka kuwa ya aro don kada a raina shi. Mutum ke nan! Sai 1934 aka daina karɓar kuɗin.

A shekarun 1890 ya kawo wa birnin wutar lantarki. Ba daɗewa ba ke nan da Thomas Edison, Ba'amurke mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya buɗe tasharsa ta lantarki a New York a 1882. Inda babu kogin da zai juya inji, tashoshin zamanin kan ƙona kwal. Wutar ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji, injin ya haifar da lantarki, waya ta kai shi kan fitilun titi. Shi ma kwal ɗin ta teku yake zuwa, don haka kowace fitila da kuɗin jirgi a kanta.

Smith ya rasu a 1898.

Mu yi aiki

Rubuta a littafinka: tsibiri, gada, tururi, lantarki.

Mutum 15 sun zo haye gada, 6 ba su da takalmi. Santi nawa mai karɓar kuɗi zai tara?

Daga 1888 zuwa 1934 shekara nawa ne?